Bijimin da ya cika ido da bijimin da zai cika garke

1/ Zare 🧵
Duk mai shirin sayen bijimin barbara bana, ko mai ɗan'uwa da ke da garke, ya ɗan tsaya nan. Ra'ayina: yadda muke zaɓen bijimi da ido a kara yana jawo mana asarar da ba ma gani, kuma sayo na Turai ba zai toshe ta ba. Kimiyyar dabbobi nake karantawa, aji uku.

2/ Me ya sa bijimi? Saniya in ta yi ƙoƙari, maraƙi ɗaya take bayarwa a shekara. Bijimi guda kuwa yana iya hawan shanu 25 zuwa 30 a lokacin barbara ɗaya. Rabin gadon kowane maraƙi daga shi yake, 'ya'yansa mata kuma su ne uwayen garken nan da shekara goma.

3/ To ya muke zaɓa? Tozo, faɗin ƙirji, sheƙin gashi. Dillali ya daki ɗuwawunsa ya ce, "Alhaji, wannan ai ba sai ka tambaya ba." Amma jikin nan da kake gani haɗin gambiza ne: gado, abinci, lafiya, shekaru. A cikinsu gado kaɗai ke wucewa ga maraƙi. Dusa da harawa ba sa bin jini.

4/ Masana suna da ma'aunin wannan, mu kira shi ƙarfin gado. Ma'anarsa: cikin bambancin da ke tsakanin dabbobi, kashi nawa ne ya fito daga gado? A shanun nama, na nauyin yaye yana kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Na nauyin ɗan shekara guda ya ɗan fi haka. Na saurin ɗaukar ciki kuwa ƙasa yake, wajen kashi 10.

5/ Mu buga misali. A garke ɗaya, maruƙa suna kai kilo 100 a yaye, amma ɗaya ya kai 130. Ya fi su da kilo 30. Ƙarfin gado kashi 25, kenan kilo 7.5 ne ake sa ran nasa ne na jini. Rabi zai ba ɗansa. Ka biya kuɗin kilo 30, abin da zai shiga garkenka bai cika kilo 4 a kowane maraƙi ba.

6/ Wannan fa in tare suka tashi, ciyawa ɗaya, rijiya ɗaya. Shi kuwa na kara an turke shi wata huɗu ana ɗura masa abinci, kana kwatanta shi da wanda ya yini a daji. A nan ma ba ka san me ka auna ba, bijimin ko aljihun mai shi.

7/ Ƙasashen da suka riƙi kiwon nama sana'a sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke sayar da bijimi da lambobi. A Ostareliya da Ingila ana cewa EBV, wato kiyasin darajar gadon dabbar kanta. A Amurka EPD suke amfani da shi, wato bambancin da ake sa ran gani a 'ya'yanta. EPD rabin EBV ne, tunda rabi uba ke bayarwa.

8/ Karanta su ba wuya. Lamba ɗaya ita kaɗai ba ta cewa komai, sai ka jera biyu. Misali bijimi na farko +20 a nauyin yaye, na biyu +12, a ma'aunin EPD da kilo. In suka hau shanu iri ɗaya, a matsakaici 'ya'yan na farko za su fi da kilo 8. Ka ninka da maruƙa 30, ka ga kuɗi.

9/ Daga ina lambar ta fito? Daga awo. Ana auna kowane maraƙi a kwatanta shi da sa'o'insa na garke ɗaya, sannan kwamfuta ta haɗa da awon iyaye, 'yan'uwa da 'ya'ya. Charles Henderson na Jami'ar Cornell ne ya gina lissafin, sunansa BLUP. Tsarin BREEDPLAN na Ostareliya yana ba da nauyin kwana 200, 400 da 600.

10/ Kowace lamba tana tafe da ta biyu mai nuna tabbaci. Ɗan bijimin da bai haifa ba, tabbacinsa ƙasa yake, lambarsa na iya canzawa. Wanda aka auna 'ya'yansa ɗari, tasa ta zauna. A 2009 aka wallafa jerin ƙwayoyin gadon saniya, yanzu gashin wutsiya ya isa a yi gwaji a ɗaga tabbacin maraƙi tun yana tsotso.

11/ Kuma ba nauyi kaɗai ake bi ba. Akwai lambar nauyin haihuwa, sauƙin haihuwa, nonon da 'ya'yansa mata za su ba nasu maruƙan, har da kewayen marainan bijimi, don yana da alaƙa da yawan maniyyi da saurin balagar 'ya'yansa mata. Mai bin nama kaɗai ya duba shanun Belgian Blue: tsoka kamar an hura, amma yawancin haihuwarsu sai an yi tiyata.

12/ Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "To a sayo maniyyin Angus mai manyan lambobi mana, a huta." Sannu dai. Lambar bijimin Angus tana kwatanta shi da sauran Angus ne, a irin yanayin da aka auna su. Ba ta san Wudil ba, ba ta san Illela ba.

13/ A cikin Amurka kanta an gwada. An yi musayar shanun Hereford tsakanin Miles City a Montana mai sanyi da Brooksville a Fulorida mai zafi da laima. Jinsi ɗaya ne fa. Amma a Fulorida 'yan gida sun fi baƙin girma da haihuwa. Gado yana aiki ne tare da ƙasar da ya saba.

14/ Yanzu ka ɗauko jinin baƙar saniyar Sikotilan ka kai shi Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ga kaska, ga tafiyar neman ruwa, ga ciyawar rani da ta zama kara. Mai gona da inuwa da likita da buhunan abinci zai iya riƙe ruwa-biyu, ban musa ba. Garke nawa ne a ƙasar nan ke da wannan gata?

15/ Misalin da ya kamata mu kalla Barazil ce. Yau tana sahun gaba a fitar da naman shanu a duniya, kuma yawancin shanun namanta Nelore ne. Nelore mai tozo ce kamar namu, asalinta shanun Ongole na Indiya. Sun riƙe mai jure zafi, suka yi ta awo da rubutu da zaɓe shekara da shekaru. Ƙungiyar masu kiwonsu, ABCZ, a Uberaba take, tana fitar da irin waɗannan lambobi.

16/ Mu ma muna da abin farawa. Bokoloji mai jiki, Bunaji, Rahaji, Azawak. Akwai cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya, akwai tashar Tukunus a Nijar da ta daɗe tana zaɓen Azawak. Amma mai garke bai da inda zai buɗe waya ya jera bijiman Bokoloji biyu ya ga wanda 'ya'yansa suka fi girma. Ba a auna ba, ba lamba.

17/ Wani kuma zai ce, "Ɗan boko zai koya wa Bafulatani saniya?" A'a wallahi. Makiyayi na gaske ya san kowace saniya da sunanta, ya san uwarta da kakarta, wadda ba ta tsallake shekara da wadda maruƙanta ke mutuwa. Wannan tarihin zuri'a ne, rabin abin da BLUP ke nema kenan.

18/ Inda ƙwaƙwalwa ke tsayawa biyu ne. Ba ta riƙe kilo, kuma ba ta kwatanta garkenka da na wani. Ga kuma matsin rayuwa: in buƙata ta taso, asibiti ko biki, babban sa ake kai wa kasuwa don shi ne mai kuɗi. Wanda ya rage shi ke hawa. A haka garke ke zaɓen baya-baya ba tare da kowa ya yi niyya ba.

19/ Abin da za a iya farawa da shi ba ya bukatar gwamnati. Lambar kunne ga kowace dabba. Littafi ɗaya: ranar haihuwa, uwa, uba. In babu sikeli, tef ɗin tela ya isa. A zagaye ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, wannan awon yana tafiya da nauyi sosai. A auna a yaye, a sake a shekara guda.

20/ Sannan a kwatanta sa'o'i kawai, waɗanda aka haifa lokaci ɗaya suka ci abu ɗaya. Wanda ya fi, kuma uwarsa ba ta wasa da haihuwa, shi za a bari. Sauran a dandaƙe, a turke, a sayar. Kafin 'ya'yansa mata su isa barbara a yi musayarsa da na wani garke, don uba ya hau 'yarsa yana rage haihuwa da ƙarfin jiki.

21/ Kuma mu tsara abin da muke nema da kanmu. A wurinmu saniyar da ke haihuwa a kai a kai, ta fita rani da ƙafafunta, ta yaye maraƙi mai rai, ta fi ƙatuwar da ke haihuwa sau ɗaya a shekara uku. Ƙarfin gadon haihuwa kaɗan ne, shi ya sa ido ba ya kama shi, sai rubutun shekaru.

22/ Nan ne aikinmu yake, mu masu waya a hannu. Kusan kowannenmu yana da kawu ko maƙwabci mai shanu. Shi ya san dabbobin, kai ka iya rubutu da lissafi. Garke ashirin a gari ɗaya su yi rubutu iri ɗaya suna musayar bijimai, cikin 'yan shekaru za a san wane jini ne ke aiki. Ko gwajin gashin wutsiya ma bai da amfani ga Bokoloji sai an tara irin wannan awon.

23/ Kafin nan, in ka je sayen bijimi ka yi tambaya huɗu. Shekarunsa nawa? Me yake ci wata ukun nan? Uwarsa haihuwa nawa, cikin shekara nawa? Ina 'ya'yansa, in gani? Mai sayarwar da ya kasa amsa ko ɗaya, sa na yanka yake sayar maka, ka biya shi kuɗin nama.

24/ Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, ya san kimar naman da ke gabansa. Na maruƙan da ba a haifa ba sai mudu.
Wanda gidansu ke rubuta haihuwar shanu ya faɗa mana a ƙasa yadda suke yi. A tura wa mai garke. 🐂