Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Koya Wa Malaman Gobe Tace Bidiyo

A cikin watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan, jihohi da dama sun mayar da darussa gidajen rediyo da talabijin. Malamin da ya so ya aika wa ɗalibansa ƙarin bayani ta wayar hannu kuwa, sai ya tarar yana da ilmin, yana da wayar, amma bai san yadda zai mayar da abin da ya ɗauka ya zama darasi ba. Wannan giɓi har yanzu yana nan. Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da kwalejojin ilmi za su ɗauki koyon manhajar tace bidiyo a matsayin wani sashe na horon malami, kamar yadda suka ɗauki rubutun allo da shirya takardar darasi.

Tacewar da muke nufi ita ce wadda masu shirya fim suka sani, wato yanka hoto da jera shi da daidaita sauti. Mai tacewa yakan shimfiɗa abin da aka ɗauka a kan layin lokaci, ya yanke inda aka yi tuntuɓen harshe ko aka maimaita zance, ya rage hayaniya, ya ɗora rubutu a inda ake bukata, sa'an nan ya fitar da shi a ƙaramin girman da za a iya turawa daga waya zuwa waya ba tare da cin kuɗin data mai yawa ba.

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dattawa suna tune da majigi da ake yawo da shi gari-gari tun zamanin Turawa, da fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950 wanda aka shirya don koya wa manoma ingantaccen noma. Maƙwabciyarmu Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa. Amma a wancan zamani sai gwamnati kaɗai ke da ƙarfin sayen kayan aikin. A yau manhajoji irin su Shotcut da Kdenlive da OpenShot kyauta ake samunsu a kwamfuta, DaVinci Resolve ma tana da samfurin kyauta, a waya kuma akwai CapCut da makamantanta. Abin da a da sai ma'aikata guda ke iya yi, yanzu ɗalibin aji biyu na NCE zai iya yinsa a ɗakin kwanansa.

Babbar hujjarmu ita ce, tacewa tana horar da tunanin malami. A 1963 ne aka soma tsarin ƙaramar koyarwar gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda ɗalibin malanta yakan yi gajeren darasi, a ɗauke shi a bidiyo, ya kalla tare da malamansa, ya sake yi. Kwalejojinmu sun ɗauki wannan tsari, amma sau da yawa ba tare da ɗaukar hoton ba. Alhali kuwa gani ya kori ji. Ɗalibin da ya zauna da hoton darasinsa na minti 20, aka ce ya mayar da shi minti 5, tilas ya tambayi kansa: mene ne ainihin abin da nake son yaro ya gane? Wane misali ne ya isa? Wanne ya kamata ya zo da fari? Waɗannan su ne tambayoyin da kowane malamin kirki yake yi wa kansa kafin ya shiga aji, kuma wanda ya saba da su a gaban manhaja zai tafi da su gaban allo.

Batun gajartawa ma yana da tushe. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan darussan bidiyo na dandalin edX ya nuna cewa masu kallo sun fi tsayawa a kan bidiyon da bai wuce minti 6 ba. In manya a matakin jami'a haka suke, ina ga yaron firamare?

Akwai kuma darussan da baki da alli ba sa iya nunawa sosai. Tsirar ƙwayar wake takan ɗauki kwanaki, amma malamin da ya riƙa ɗaukar hotonta kullum zai iya nuna ta duka a cikin minti ɗaya. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje za ta amfana da gwajin da aka ɗauka a wata makaranta. Sa'an nan yawancin darussan da ke intanet da Turanci suke, da misalan wasu ƙasashe. Malamin da ya iya tacewa shi ne zai yi bayanin kason lissafi da Hausa, da misalin mudu da tiya, ta yadda yarinyar da rashin lafiya ya hana ta zuwa makaranta za ta kalla a wayar mahaifiyarta.

To, mun san za a ce, makarantun da ba su da kujeru da wutar lantarki ina su ina bidiyo? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu ce a karkatar da kuɗin gyaran azuzuwa zuwa sayen na'urori ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: wayar da ke hannun ɗalibi, ɗan makirufo, ɗaki marar hayaniya, da kwamfutocin da kwalejoji suka riga suka mallaka. Wanda ake horarwa a bana zai iya yin shekara 35 yana aiki, ba daidai ba ne a shirya shi don halin da ake ciki yau kaɗai.

Haɗarin da ya fi damunmu shi ne ɗalibi ya shagala da ado. Manhajojin nan cike suke da kiɗe-kiɗe da walƙiya da rubutu mai rawa, waɗanda aka yi domin jan hankalin 'yan kallo a dandalin sada zumunta. Darasin da aka cika da su yakan bar yaro da nishaɗi, ya fita babu abin da ya riƙe. Don haka a auna aikin ɗalibi da abin da yara suka fahimta bayan sun kalla. Haka kuma a koya masa cewa hoton ɗan wani amana ne. Kada a ɗauki fuskar yaro a watsa ba da yardar iyayensa ba, musamman da yake ƙasar nan ta sami dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Muna kira ga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa da ta tabbatar cewa kowane ɗalibi ya shirya gajeren darasin bidiyo guda da hannunsa kafin ya fita koyarwar gwaji. Kwalejoji su gayyaci masu tace fina-finai na Kano da Kaduna da Jos su koyar da aikin hannu, malaman ilmi kuma su riƙe ɓangaren tsara darasi. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta ɗauki nauyin malaman da suke bakin aiki. Gwamnatocin jihohi kuwa su tattara darussan da suka fi inganci, su raba wa makarantun karkara kyauta.

Ba mu san ranar da wata annoba ko ambaliya ko rashin tsaro za su sake rufe ƙofar makaranta ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.