Hasumiyar Shanghai: Me ya sa Sin ta daina gasar dogayen gine-gine?

Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Huangpu ya dubi unguwar Lujiazui, idonsa zai fara sauka ne kan Hasumiyar Shanghai, gini mafi tsawo a ƙasar Sin. Tsawonsa mita 632 ne, kuma a duniya Burj Khalifa na Dubai da Merdeka 118 na Malesiya ne kaɗai suka fi shi. Sai dai bisa ƙa'idojin da Sin ke bi yanzu, da wuya a sake ba da izinin gina irinsa a ƙasar.

Birni guda cikin gini ɗaya

An fara aikin a watan Nuwamban 2008, aka kammala a 2015, kuma kamfanin Gensler na Amurka ne ya zana shi. Ginin mai hawa 128 ya ƙunshi ofisoshi da kantuna da ɗakunan taro da otal, da wurin da masu yawon buɗe ido ke hawa su hango birnin.

An murɗa jikinsa kimanin digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, dabarar da masu zanen suka ce ta rage ƙarfin bugun iska da kashi 24 cikin 100. Bangon gilashinsa ninki biyu ne, don rage wutar da ake kashewa wajen sanyaya shi ko ɗumama shi.

Amma wannan dabarar ta zo da nata tsadar. Filin da ke tsakanin bangayen biyu ba ya hayuwa a matsayin ofis, don haka wurin da ke kawo kuɗin haya ya ragu. A shekarun farko hawa-hawa da dama sun zauna babu 'yan haya, otal ɗin da ke samansa kuwa sai a 2021 aka buɗe shi.

Dalilin taka burki

Shekaru da dama ƙananan hukumomin Sin sun dogara da sayar da izinin amfani da filaye wajen samun kuɗin shiga. Dogon gini yana ɗaga darajar filayen da ke kewaye da shi, yana kuma ɗaga sunan shugabannin birni. Wannan ya sa hatta biranen da ba su da isassun kamfanonin da za su kama hayar ofisoshi suka shiga gasar.

Birnin Tianjin ya zama abin misali. Ginin Goldin Finance 117 mai mita 597 ya tsaya cak a 2015 saboda matsalar kuɗi, ya shafe kusan shekara goma a haka kafin a koma aikinsa a 2025.

A 2020 gwamnati ta hana sabbin gine-ginen da suka haura mita 500, ta kuma tsaurara sharuɗɗa kan waɗanda suka wuce mita 250. A watan Mayun 2021 ginin SEG Plaza da ke Shenzhen ya yi girgiza ba tare da girgizar ƙasa ba, aka kwashe mutanen ciki, lamarin da ya ƙara tayar da batun tsaro. A watan Oktoban shekarar aka hana biranen da mazaunansu ba su kai miliyan 3 ba yin ginin da ya wuce mita 250.

Duk wannan ya zo daidai da durƙushewar harkar gidaje, inda katafaren kamfanin Evergrande ya gaza biyan basussukansa a 2021, kafin wata kotun Hong Kong ta ba da umarnin rusa shi a Janairun 2024.

Abin da ya rage

Shanghai cibiyar hada-hadar kuɗi ce, tana iya jiran shekaru kafin gini ya cika da 'yan haya. Yawancin birane ba su da wannan ƙarfin. Kula da dogon gini, daga na'urorin hawa zuwa kashe gobara, yana cin kuɗi ko da mutane a ciki ko babu, kuma idan mai ginin ya karye, bankuna da hukumomin birni ne ke ɗaukar nauyin.

Don haka tambayar da ke gaban biranen Sin yanzu ita ce yadda za su cika ofisoshin da suka riga suka gina, su kuma biya bashin da aka ci wajen gina su.