Olivia de Havilland: Shari'ar da ta fi kyaututtukanta nauyi

Da labarin mutuwar Olivia de Havilland ya fito daga birnin Paris ranar 26 ga Yulin 2020, jaridun duniya kusan duk baki ɗaya suka yi: ta kai shekara 104, ita ce ta ƙarshe cikin manyan taurarin fim ɗin Gone with the Wind na 1939, kuma tafiyarta ta rufe zamanin da Hollywood ke tashe. A watan Fabrairun shekarar ma kusan haka aka rubuta kan Kirk Douglas, wanda ya mutu yana da shekara 103. Lissafin shekaru ba ya da wuya, sai dai yana binne babban abin da matar nan ta yi, wanda a gaban alƙali ta yi shi.

A wancan zamani manyan kamfanoni irin su Warner Bros. da MGM kan ɗaure ɗan wasa da kwantiragin shekara bakwai. Su ke zaɓa masa fim, su ke ba da aronsa ga wani kamfani, wani lokaci har suna su ke raɗa masa. In ya ƙi rawar da aka ba shi, a dakatar da shi ba albashi, sannan a ɗora kwanakin dakatarwar a kan wa'adinsa. Da wannan dabara shekara bakwai sai ta yi ta miƙewa. Bette Davis ta yi yunƙurin ɓallewa a 1936, kotun Ingila ta mayar da ita hannun Warner.

Olivia ta yi fim takwas tare da Errol Flynn, galibi a matsayin budurwar da jarumi ke ceta, har abin ya ishe ta ta fara ƙin wasu rawar. Da kwantiraginta da Warner Bros. ya cika a 1943, kamfanin ya ce da sauran wata shida a kanta. Tana da shekara 27 ta maka su a kotu. Jack Warner, shugaban kamfanin, ya bi sauran kamfanoni da wasiƙa cewa kada wanda ya ba ta aiki, ta yi kusan shekara biyu ba ta tsaya gaban kyamara ba. A wannan tsakanin ta riƙa zagaya asibitocin soja tana gaida waɗanda suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu.

A Disambar 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta yanke cewa shekara bakwai na nufin shekara bakwai ta kalanda, ba ƙari. Har yau lauyoyi na kiran hukuncin da sunan dokar De Havilland. Da ta samu damar zaɓar aikinta, sai ga kyautar Oscar har biyu, ɗaya a To Each His Own na 1946, ɗaya a The Heiress na 1949. Fiye da shekara sittin bayan hukuncin, mawaƙi kuma ɗan wasa Jared Leto ya dogara da shi a rikicin ƙungiyarsa da kamfanin waƙa na EMI.

Masu yi wa wancan zamani kirari za su ce tsarin kamfanonin ne ya horar da taurarin, ya kuma samar da finafinan da ake kallo har gobe. Gaskiya ne. Amma a tsarin nan ne Hattie McDaniel, wadda suka fito tare da Olivia a Gone with the Wind, ta kuma doke ta a 1940 ta zama Baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, aka zaunar da ita a wani teburi can gefe a bikin ba da kyautar, nesa da abokan aikinta. Bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta kuwa ba ta ma samu halarta ba.

Shaidun wannan tarihi ƙarewa suke yi. Eva Marie Saint, wadda ta ci Oscar da On the Waterfront na 1954, ta cika shekara 100 a Yulin 2024. Sophia Loren ta cika 90 a Satumbar shekarar. Kim Novak, tauraruwar Vertigo, asalin sunanta Marilyn. Kamfanin Columbia ne ya sauya mata, kuma a 1957 ta yi yajin aiki kan albashi. Irin waɗannan mata sun san nawa aka biya su, wa ya sa hannu a madadinsu, da abin da ke samun wadda ta ce a'a. Waɗannan tambayoyi ya kamata ’yan jarida da masu adana tarihi su kai musu tun suna iya amsawa, maimakon tambayar sirrin tsawon rai.

Ita dai Olivia ba ta ajiye halinta ba. A 2017, tana daf da cika shekara 101, ta kai tashar FX ƙara kan yadda aka nuna ta a shirin Feud ba da izininta ba. Wannan karon ba ta yi nasara ba, kuma a Janairun 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar.