Wa Aka Ƙirga, Wa Aka Bari?

'Yan'uwa masu karatun yaƙi da jahilci na Sukukutane da sauran ƙasar Arewa, mun koyi lissafi don kada a cuce mu wajen awon hatsi. To, kada mu yarda a cuce mu da shi wajen lafiya.

Wata magana ta yi yawa a bakin kasuwa: wai wanda ya karye, in ya je asibiti yanke ƙafar za a yi, amma maɗori bai taɓa yanke ta kowa ba. Mai faɗin haka har da yatsu yake ƙirga maka mutane. Ƙidayar banza ce! Wa ake kaiwa asibitin Dogon Dutsi ko na Doso? Sau da yawa wanda aka ɗaure wa ƙafa tamau da karare ne, jini ya daina gudu, nama ya ruɓe, sannan aka ɗauko shi a amalanke. A gida aka yi ɓarnar, a littafin asibiti aka rubuta ta. Maɗori kuwa waɗanda suka warke kaɗai yake ƙirgawa, alhali ƙaramar karaya, balle ta yaro, takan haɗe in an hana ta motsi. Likitoci ma su ji: wanda ya warke a hannun maɗori ba ya zuwa wurinsu, don haka littafinsu bai isa ya yanke wa dukan maɗora hukunci ba.

Sai kuma masu "kashi kaza cikin ɗari" a rediyo. A 2018 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a Boboy da Loga, nan jiharmu ta Doso. An riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, mutuwa ta ragu da kashi 18 cikin 100. Wani sai ya ɗauka cikin yara 100 an ceto 18. A'a. Cikin yara 1000, inda akan rasa wajen 27 a shekara, sai aka rasa wajen 22. An ceto 5 ke nan, kuma abin godiya ne. Amma a Tanzaniya, da wannan magani dai, ragin bai kai kashi 4 ba.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da lamba, ku tambaye shi: wa aka ƙirga, cikin mutum nawa, da su wa aka gwada? Wanda ya karye kuma, a kai shi likita tun ranar, kada a jira yatsu su yi baƙi.