Gidan Da Ya Reni Elizabeth Garrett

A shekarar 1866 mata kusan 1,500 a Ingila suka sa hannu a takardar neman 'yancin jefa ƙuri'a. Elizabeth Garrett tana cikinsu, kuma ita da Emily Davies ne suka kai takardar Majalisa, suka danƙa ta ga wakili John Stuart Mill.

To, 'yan'uwa, wane irin gida ne ya fitar da wannan mace? Mahaifinta, Newson Garrett, ɗan kasuwa ne a garin Aldeburgh. Da ta ce likita za ta zama, da fari ya ƙi, daga baya ya sake shawara, ya ɗauki nauyin karatunta. Da hukumar jarrabawar ta nemi hana ta zama, sai ya yi barazanar kai ƙara. Ta ci a 1865. Ƙanwarta Millicent kuwa ta shugabanci masu neman ƙuri'ar har wasu mata suka samu a 1918, shekarar da ta biyo bayan rasuwar Elizabeth.

A ganina, ƙarfin halin nan tun daga gida aka shuka shi. Mu ma muna da ƙanne mata, gobe kuma iyaye ne mu. Ran da yarinya ta zo da babban buri, me za mu ce mata?