Gidan Rumfa Yana Da Mai Tsaro, Rumfar Talaka Fa?

Jama'a, ku matso mu yi maganar Kasuwar Kurmi ta birnin Kano. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta a bakin Jakara. Nan fataken Tarabulus da Agadas da Gwanja su kan sauke kaya.

A 2007 Gwamnatin Nijeriya ta miƙa sunan Kurmi ga UNESCO, tare da ganuwa da Dutsen Dala da Gidan Rumfa, don a sa su cikin kayan tarihin duniya. Madalla! Amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, wai don a faɗaɗa titi. To, in ƙofar birni ba ta tsira ba, ina rumfar mai kanwa za ta tsira? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu manyan riguna sun ce ginin ƙasa ƙauyanci ne. Ƙarya su ke yi! Magini ya kan ɗora tubali da kauri, ya gicciya azarar giginya wadda gara ba ta ci, ya daɓe rufi, ya shafe da makuba, ya sa indararo. Da azahar cikin soro sanyi ƙalau, fata ba ta bushewa, turare ba ya tsinkewa. Ku shiga shagon bulo da kwano cikin bazara, ku ji yadda ƙwaƙwalwa ke dahuwa.

Gidan Makama an mai da shi gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna, shi ma haka. Ba mu ƙi ba. Amma ashe tarihi na sarakai ne da Turawa kaɗai? Dukawa da masu shuni da 'yan koli, su ba su gina Kano ba?

Abin da mu ke nema uku ne. A ƙidaya abin da ya rage na ginin ƙasa a Kurmi, a rubuta. A ɗauki kuɗin yaɓe daga harajin da a ke karɓa hannunmu, a ba maginan gargajiya aikin. Kuma kada a taɓa rumfa sai an zauna da mai ita, don mun san gyaran da kan kori mai rumfa ya kawo mai kuɗi.

'Yan kasuwa, ku haɗa kai tun kafin katafila ta iso. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.