Girkawa Daban, Aiki Daban: Hujjar Gwada Laburaren Manhaja

Duk wanda ya taɓa girka laburaren manhaja a kwamfuta ya san irin kwanciyar hankalin da ke zuwa sa'ad da layin ƙarshe ya bayyana yana shelar cewa an girka cikin nasara. Mafi yawan mutane a nan suke tsayawa, su buɗe aikinsu su ci gaba. Sai dai shaidar wannan saƙo ba ta wuce abu guda ba: an sauko da fayiloli, an ajiye su inda ya kamata. Ko za su ba da amsa daidai a wannan na'ura, tambaya ce ta daban, kuma gwaji ne kaɗai ke amsa ta.

Laburare, a harshen masu rubuta manhaja, tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta domin kowa ya ara maimakon ya fara daga tushe. Mai nazarin alƙaluman asibiti, da injiniya, da ma'aikacin banki, duk a kan irin wannan aro suke gina aikinsu. Kuma laburaren ba shi kaɗai yake tsaye ba. A ƙarƙashinsa akwai wasu laburarai, da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da manhajar da ta fassara umarnin zuwa harshen na'ura. Marubucinsa ya gwada shi a nasa haɗin, amma haɗin wanda ya ara bai taɓa ganinsa ba.

Abin da ya faru da wasu masana kimiyyar sinadarai a Amurka ya isa misali. A shekarar 2014, Patrick Willoughby da Matthew Jansma da Thomas Hoye suka wallafa a mujallar Nature Protocols wasu gajerun umarni na harshen Python, waɗanda ke taimakawa wajen lissafin da ake gane siffar ƙwayar sinadari da shi. Masu bincike da dama suka ɗauka suna amfani da su. A 2019, wani ɗalibi a Jami'ar Hawaii ya lura cewa bayanai iri ɗaya suna ba da amsoshi daban-daban gwargwadon kwamfutar da aka yi lissafin a kanta. A Windows 10 da macOS Mavericks an samu 173.2, wadda ita ce daidai. A Ubuntu 16 an samu 172.4, a macOS Mojave kuma 172.7.

Dalilin ƙarami ne ƙwarai. Umarnin ya dogara da wani ɓangare na Python mai suna glob wajen tattaro sunayen fayiloli, ya kuma ɗauka cewa sunayen za su zo a jere. Alhali glob bai yi alƙawarin jeri ba. Yadda babbar manhajar ta miƙo su, haka yake kawo su. A wata kwamfutar jerin ya dace, a wata kuma aka haɗa fayil da abokin da ba nasa ba. Gyaran bai wuce a ƙara umarnin jerawa ba, kuma an bayyana lamarin a mujallar Organic Letters a wannan shekarar. Abin tsoro a nan shi ne, babu kwamfutar da ta yi ƙorafi. Kowace ta kammala aikinta lami lafiya ta fitar da lamba mai kama da gaskiya. Da kowane mai amfani ya fara da misalin da ya riga ya san amsarsa, da wuya a kwashe shekara biyar kafin a gano.

Manyan masu rubuta laburare sun san wannan haɗari. Masu kula da GMP, laburaren lissafin manyan lambobi, sun daɗe suna jaddada wa duk wanda ya harhaɗa shi da kansa ya gudanar da make check, domin sun sha ganin manhajar fassara ta ɓata umarnin da aka rubuta daidai. NumPy, wanda akasarin lissafin kimiyya a Python ke kansa, yana zuwa da nasa gwaje-gwajen da ake kira da numpy.test(). Akwai dalili: wanda ya girka shi ta hanyar pip galibi yana samun OpenBLAS a ƙarƙashinsa, wanda ya bi ta Anaconda kuwa ya saba samun MKL na kamfanin Intel. Sunan laburaren ɗaya ne, injin da ke ciki ya bambanta. Haka nan da NumPy 2.0 ya fito a watan Yunin 2024, laburarai da aka harhaɗa a kan tsohon zubi sun riƙa girkuwa ba tare da matsala ba, sai an zo kiransu su tsaya cik.

Masu ƙin gwajin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, gwaji na cin lokaci. Na babban laburare kan ɗauki mintoci masu yawa. Na biyu, wani lokaci gwaji kan faɗi a kan abin da bai shafi aikin mutum ba, ya tayar masa da hankali a banza. Na uku, marubutan sun riga sun gwada a na'urori da yawa kafin su saki aikinsu. Duka gaskiya ne. Amma hujja ta uku tana magana ne a kan na'urorin marubutan, tambayar kuwa a kan ta mai amfani take. Biyun farko kuma abin da suke nunawa shi ne a auna gwajin da nauyin aikin. Ɗalibin da ke koyo ba ya buƙatar abin da mai lissafin adadin maganin majiyyaci ke buƙata.

Mafi ƙarancin abin da ya wajaba bai kai wahala ba. A kira laburaren a tabbatar zubin da ya amsa shi ne wanda aka girka, domin kwamfuta ɗaya kan ɗauki Python biyu ko uku, a girka a wannan a yi aiki da wancan. A gudanar da pip check a ga ko laburaran sun dace da juna. Idan aikin mai nauyi ne, a gudanar da gwaje-gwajen da suka zo da laburaren. Mafi muhimmanci, a tanadi ƙaramin misali daga ainihin aikin da ake yi, wanda aka san amsarsa ta wata hanya dabam, ko da lissafin hannu ne. A ajiye shi, a maimaita duk lokacin da aka sabunta wani abu ko aka sauya kwamfuta, a kuma rubuta zubin da aka yi amfani da shi.

Wannan nauyi bai kamata ya rataya a wuyan ma'aikaci shi kaɗai ba. Shugaban sashe ko malamin da ke duba aikin ɗalibi yana da ikon tambaya kafin ya sa hannu: a wace na'ura aka yi lissafin, kuma da wane misali aka tabbatar tana ba da amsa daidai? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Rahoton da ba zai iya amsa wannan tambaya ba, a mayar da shi a gwada tukuna.